Kukan Da Ke Biyo Taɓarya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Na ji kun amsa, ta zo mu ji ta, kamar yadda kuka saba amsa mini. To amma ku gyara zama, domin ta yau ba irin waɗanda nake ba ku don a yi dariya ba ce. Wannan rabinta da idona na gani, rabinta kuwa daga bakin waɗanda abin ya faru a kansu na ji. Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Shehinmu, malaminmu, abin koyinmu, Allah Ya ji ƙansa Ya haskaka makwancinsa, mutum ne da Allah Ya tara wa ilimi da tsantseni a ƙirji guda, ya ƙoshi da fiƙihu da tafsiri da hadisi, ga zuhudu da gudun duniya, ga tausayin na ƙasa, har ya zamana ko yaro ne ya gaishe shi sai ya tsaya ya amsa masa kamar dattijo. Ba zan ambaci sunansa ba, domin shi da kansa ya hana a riƙa yawo da shi. Akwai wata ɗabi'a tasa da mu ɗalibansa ba mu gane amfaninta ba sai daga baya. Duk garin da ya sauka, bayan ya gai da malaman wurin, sai ya nemi tsofaffi, maharba da masunta da makiyaya da tsofaffin mata masu kaɗi, ya zauna yana tambayarsu: wa ya haƙa wannan rijiya, me ake kiran wancan tafki kafin a sake masa suna, su wa suka fara sauka gindin wannan tsamiya. Mu dai mukan zauna gefe mu ƙagu, muna ganin lokacin karatu ne ke tafiya.

A shekarun da aka datse gulbi a Bakolori, ƙauyenmu na ƙasar Maradun yana cikin waɗanda ruwa ya ci. Ni a lokacin magidanci ne da iyalina, na kuma daɗe ina ɗaukar karatu a gaban Malam. Aka kwashe mu aka kai mu wani tudu mai tsakuwa, inda katafila ta riga ta share komai, ba itace ba inuwa, aka kafa turaku a jere aka ce kowa ga gidansa. Muka bar gonakinmu na fadama, muka bar masallacin da kakanninmu suka gina, muka bar maƙabarta. Da ruwa ya taru, sai ya zamana in ka tsaya a bakinsa ba ka iya nuna ko da yatsa inda aka haife ka.

A cikin maƙwabtana na sabon gari akwai wani manomi, Barau, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana, da matarsa Taibatu. A daminar ƙarshe kafin a tashe mu, zazzaɓi ya ɗauke musu 'yarsu Habiba, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, aka binne ta a bayan ɗakin uwarta kamar yadda wasu gidaje ke yi wa ƙananan yara a wancan zamani. Habiba kuwa ita ce 'yar fari. Kun san al'adarmu game da ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke rugawa ta ɗauke shi ba, in kuma Allah Ya karɓi abinsa ba ta zubar da hawaye a gani. Taibatu ta cika wannan kunya ƙwarai, har mata suna yabon ta. Ranar da aka ɗora kayanmu a mota ma ba ta waiwayi bayan ɗakin ba.

Ba a daɗe da zama a sabon gari ba sai wani abu ya ɓullo a gidan Barau. Duk lokacin da aka sa taɓarya a turmi, da rana tsaka, sai a ji kukan ƙaramin yaro, siriri, kamar daga nesa kuma kamar daga kusa. In an tsai da daka ya tsaya, in an koma ya dawo. Ba Taibatu kaɗai ke ji ba. Maƙwabta sun ji, ni ma na ji, kuma har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Barau ya ɗauke turmin daga kwarin da matarsa ta fara kafa shi ya kai wata kusurwa, bai hana ba. Aka kirawo wani mai tsubbu ya cika gidan da hayaƙi, ya ce aljana ce tana son baƙar akuya. Aka yanka, washegari kuka ya dawo. Baturiya, wata maƙwabciyarsu mai kaifin baki, ta ce, "Wagga aljana ba ta da kunya. Ta ci akuyar mutane ko an gode babu."

Amma abin ya wuce wasa. Taibatu ta daina daka, ta daina cin abinci, ta rame har awarwaro na zamewa daga hannunta. Sai a neme ta a rasa, a tarar da ita ta bi hanyar da ta gangara bakin dam, ta tsaya tana kallon ruwa. Wata rana masunta ne suka dawo da ita, zanenta ya jiƙe har gwiwa.

Ranar nan Barau ya zo zauren Malam, ya durƙusa, ya ce, "Allah shi gafarta Malam, gida ya tahi, gona ta tahi, ɗiya ta tahi. In ruwan nan ya ci uwar ma, ni ban san abin da ya rage ba."

Malam ya tashi, na bi shi. Muka yi sallama a gidan, aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ya sa Baturiya ta zuba gero ta yi daka. Kukan ya zo. Malam ya sunkuyar da kai yana saurare, bai karanta komai da ƙarfi ba, bai tofa ba, har sai da ya ɗaga hannu aka tsaya. Sa'an nan ya juya wajen ƙofar ɗaki inda Taibatu ke zaune a lulluɓe, ya ce, "Ɗiyata, ke mi kike ji?"

Ta ce, a hankali, "Ba aljani ba ne, Malam. Sanyi take ji."

Babu wanda ya tambaye ta wa take nufi.

Malam ya dubi mazan da suka taru a bakin zana, ya ce, "Wa ya san sunan wurin nan kafin a kafa mishi turaku?"

Muka dubi juna. Dukanmu baƙi ne a tudun nan, ba mu san shi da komai ba sai daji. Mai unguwa ya ce shi dai da za a share filin ya aika an tambayi Fulanin da ke kusa ko akwai kabari ko wani abin da za a kiyaye, aka ce babu wanda ya ce akwai.

Malam ya ce, "Babu wanda ya ce akwai. To." Ya miƙe, ya ce wa Barau, "Abin da kuke ji, Allah ne Ya san haƙiƙaninsa. Ni zan tahi tambaya. Ka kula da iyalinka."

Ya fara da tsofaffin ƙauyukan da ruwa bai kai ba. Wani tsohon maharbi ya ce ya san tudun, a da akwai wani babban itacen marke a tsakiyarsa, kuma burtalin shanu ya bi ta gefensa. Wata tsohuwa mai sai da daddawa ta ce tun tana budurwa a nan suke sayen nono da damina, domin mashekarin Fulani ne, inda suke sauka da shanunsu, amma an daɗe da watsewa, sai dai a tambaya a kara, wato kasuwar shanu. Saboda haka ranar Talata muka shiga motar kasuwa zuwa Mafara, Malam ya wuce rumfunan littattafai da na tufafi bai tsaya ba, ya shiga cikin shanu da ƙura yana gai da makiyaya ɗaya bayan ɗaya, har aka nuna mana wani dattijon Bafulatani mai suna Hamma, yana jingine da sandarsa.

Bayan doguwar gaisuwa Malam ya kwatanta masa tudun da marken. Hamma ya yi dariya, ya ce, "Ku Haɓe ke nan! In kun ga wuri babu katanga sai ku ce babu kowa. Can na koyi kiwo, Moodibbo. Can anka yi mini aure."

Malam ya ce, "Akwai wanda kunka bari a can?"

Dariyar ta ɗauke. Hamma ya dubi ƙasa, ya ce akwai. Shekarar da baƙon dauro ya shiga rugage, ya ɗauki ɗan yayansa, yaro mai suna Buba wanda ba a daɗe da yaye shi ba, aka binne shi gabas da gindin marke. Uban ya daɗe da rasuwa. Uwar, Inno, tana nan da rai, ta tsufa, tana zaune a rugar 'ya'yanta a ƙasar Bakura, wajen Birnin Tudu. Ya ce duk shekara in shanu za su hau tudu takan ratse ta zauna gindin marken kamar mai hutawa, ta tashi ba ta ce wa kowa komai ba, har shekarar da ta zo ta tarar babu marken.

Na ce masa, "To da anka aiko tambaya ko akwai kabari, mi ya hana ta faɗi?"

Hamma ya dube ni kamar wanda ya yi tambayar yara. Ya ce, "Tana wurin, a gabanta anka yi tambayar. Ɗan fari ne fa. Da wane baki za ta ce nata ne? Mu kuwa maza mun tahi da shanu."

Malam ya rufe ido ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Muka kwana a Mafara, da safe Hamma ya raka mu Bakura, daga nan muka taka a ƙasa zuwa rugar. Rani ne sosai, ƙasa ta bushe ta tsattsage, tun da muka bar mota ba mu tsallaka ko kwatami ba. Da hantsi muka isa, aka shimfiɗa mana buzu a inuwar bukka, aka tafi kiran Inno. Muna zaune Malam yana jan carbi, sai na ga carbin ya tsaya a hannunsa, idonsa a buɗe amma ba mu yake kallo ba. Na yi masa magana bai amsa ba. Ya daɗe a haka, har Hamma ya fara tsarguwa, sa'an nan ya ja dogon numfashi ya ce, "Alhamdu lillahi." Da ya gyara zama, wallahi summa tallahi, sai na ga bakin rigarsa da ƙafar wandonsa sun jiƙe sharkaf, ruwa na ɗiga a kan buzu, ga laka baƙa a dugadugansa, irin wadda ba a samun ta sai a bakin dam. Hamma ma ya gani, ya ja da baya yana salati. Malam ya ja rigar ya rufe ƙafafunsa.

Inno ta zo, 'yar tsohuwa siririya mai tsaftar jiki, ta durƙusa nesa ta gaishe shi. Malam bai ambaci yaro ba, bai ambaci kabari ba. Ya ce mata kawai, "Inno, an gina gida a tsohon mashekarinku. Matar gidan ba ta da lafiya, tana kuma bukatar baƙuwa. Ko za ki zo ki gaishe ta?"

Tsohuwar ta dubi tafin hannunta. Sa'an nan ta tashi ta shiga bukka, ta fito da mayafinta da 'yar ƙwaryar man shanu.

Abin da ya faru a gida a wannan hantsi, Taibatu ce ta ba matata labari daga baya. Barau ya fita neman ruwa, ita kuwa ta sulale ta bi hanyar dam, ta shiga ruwa, ta yi ta tafiya har ya kai mata ƙugu, kuma ta ce a ranar ba ta da niyyar juyowa. Sai ta ji an yi gyaran murya a bayanta. Ta waiwaya ta ga Malam tsaye cikin ruwa zuwa ƙwauri, da carbinsa a hannu, ya ce mata, "Taibatu, koma gida. Kina da baƙuwa, daga nesa take, kuma babu ko fura a gidanki." Ta ce da wa'azi ya yi mata, ko ya tuna mata wuta, ba ta jin za ta ji shi, domin zuciyarta ta riga ta yi nisa. Amma da ta ji baƙuwa za ta sauka gidanta ta tarar da murhu a sanyaye, sai kunya ta kama ta, ta fito ta nufi gida tana sauri. Da ta kai tudu ta waiwaya ba ta ga kowa ba. Ta wanke gero, ta ɗauki taɓarya da hannunta, ta yi dakan fura, kukan yana tashi tana daka, har ta gama.

Da la'asar sakaliya muka iso. Hamma ya tsaya a bakin gari ya daidaita wani dutse da wani tsauni da idonsa, ya bi tsakanin gidaje yana gunaguni, bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar Barau. Muka shiga, Taibatu ta kawo wa baƙuwarta ruwa da fura, suka gaisa kamar yadda mata ke gaisawa. Inno ta sa ƙwaryar a baki don kada a ce ta ƙi, amma idonta na yawo a tsakar gidan da babu abin da ta sani a cikinsa.

Malam ya tambayi inda aka fara kafa turmi, aka nuna masa kwarin. Ya ce wa Barau ya share ƙasar da hannu, a hankali, kada ya sa fartanya. Ba a yi nisa ba sai ga kututturen itace da aka tumɓuke rabinsa, Hamma ya ɓanɓaro ɓawon ya sansana ya ce marke ne. Aka matsa gabas kaɗan aka share, sai ga duwatsu uku a jere, baƙi ƙirin da tsohon hayaƙi.

Malam ya ce, "Ya isa. Kada a ƙara taɓawa."

Hamma ya ce duwatsun murhun Inno ne. Ranar da za su tashi daga mashekarin bayan rasuwar, aka neme su aka rasa, aka yi ta yi mata faɗa a kan sakaci, ba ta ce komai ba.

Inno na tsaye, ta kau da fuska gefe, idonta a bushe, tana gyara bakin mayafinta kamar ba ita ake nufi ba. Taibatu kuwa ta zura wa duwatsun ido, na ga fuskarta ta sauya, domin a lokacin ne ta gane cewa muryar da ta yi ta saurare, wadda ta kusa bin ta cikin ruwa, ba ta 'yarta ba ce. Ban taɓa ganin mutum ya yi rashi sau biyu a kan abu ɗaya ba sai ranar nan.

Malam ya yi addu'a ga yaron da dukan Musulmin da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa da ƙarƙashin ruwa, muka shafa. Sa'an nan ya ce, da muryarsa mai sanyi, "Taibatu, yaron da ke kwance a gidanki sunansa Buba. Uwarsa ba ta iya kiransa, ke kina iyawa." Ya juya ya ce, "Inno, akwai wata yarinya can ƙarƙashin ruwa, sunanta Habiba. Tata uwar ma ba ta iyawa. Kowace ta yi wa ɗan 'yar'uwarta hawaye, wannan babu kunya a cikinsa, kuma rahama ce."

Ya yafuto mu maza muka fita.

Muna tsaye a bayan zana, aka daɗe ba mu ji komai ba. Can sai muka ji muryar Taibatu, ta ce, "Allah Ya ji ƙan Buba." Sai tsohuwar ta ce, da Hausarta ta Fulani, "Allah Ya ji ƙan Habiba. Habiba, ɗiyar kirki." Daga nan sai kuka, ba na kururuwa ba, irin wanda ya daɗe a ɗaure. Barau ya juya ya kifa goshinsa a jikin zana, kafaɗunsa na rawa. Malam na gefe, hawaye na bin gemunsa, a lokacin ne na tuna cewa shi ma iyayensa da malaman da suka koya masa karatu duk suna ƙarƙashin ruwan nan, kuma ban taɓa jin ya ambata ba.

Washegari Baturiya ta zo ta yi daka a gidan, ba a ji komai ba sai turmi da taɓarya, kuma ba a sake ji ba har abada. Barau ya kewaye wurin duwatsun da 'yar katanga. Taibatu ba ta sake bin hanyar dam ba. Ita ke share wurin, ita ke hana awaki hawa, kuma Allah Ya ba ta 'ya'ya daga baya suka rayu. Inno takan zo duk shekara in shanu za su hau tudu, ta kwana biyu a ɗakin Taibatu, har shekarar da Hamma ya zo shi kaɗai da ƙwaryar man shanu ya ce ita ta ce a kawo. Kututturen marken nan kuwa da damina ta sauka ya yi toho, na kuma rayu har na zauna a inuwarsa. Kabarin Habiba dai yana inda yake, babu mai iya nuna shi.

Na taɓa yin ƙarfin hali na tambayi Malam batun jiƙaƙƙiyar rigar. Ya dube ni ya ce, "Hashimu, abin da ya kamata ka riƙe shi ne, kafin ka kafa turmi a wuri, ka tambayi wanda ya riga ka zama." Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

Tsarki ya tabbata ga Allah da ke girmama bayinSa salihai da abin da Ya so. Ya Allah Ka ji ƙan Shehinmu, Ka yalwata kabarinsa, Ka ɗaukaka darajarsa a cikin waliyyanKa, Ka ba mu albarkacin iliminsa da tausayinsa. Ka ji ƙan Buba da Habiba da iyayensu mata, da dukan namu da muka bari a ƙarƙashin ruwa, Ka tara mu da su a inda babu sauran tashi. Amin.

Ƙurunƙus. A nan na saba ce muku na yi ƙarya don ku yi dariya ku watse; yau kam ban yi ba. Ku shafa fatiha ku tashi.